Kada ku bari sai inji ya tsaya kafin ku nemi boris

Salamu alaikum 'yan uwa masu masana'antu, musamman na Sharada, Bompai da Challawa. Abin da ke cin kuɗinmu ba tsadar kayan gyara ba ne, tsayuwar inji ce: leburori na zaune, yaro na yawon kasuwa da tsohon boris a leda yana neman irinsa.

Ku sa makanikinku ya bi kowane inji ya rubuta lambar boris da bel da irin giris ɗinsa a littafi guda. Lambar ita ce komai. Misali boris mai lamba 6205, raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52. In ka ga 2RS a ƙarshe, rufin roba ne gefe biyu, shi ya fi jure ƙurar injin shinkafa. ZZ kuwa rufin ƙarfe ne. Wanda ya fi saurin mutuwa a ajiye biyu a sito, ana ɗaukar ɗaya a sayo madadinsa.

Jabu ya yi yawa, kwali ba shaida ba ne. SKF, kamfanin da ke ƙera boris, na da manhajar da ake tura hoto su tantance ko nasu ne na gaske. Ni dai dila biyu nake riƙewa, kuma ba na biya sai da rasit mai lambar kayan.