Kurakuran da aka fi yi wajen buɗe takardun ofis a tsofaffin wayoyin Nokia da BlackBerry

A Bauchi har yanzu akwai masu riƙe da Nokia E71 ko E63 saboda daɗewar caji da daɗin madannai, wasu ma a ciki suke duba takardun aiki. Wayoyin suna iya aikin, amma iyakarsu ba ta da nisa, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga rashin sanin iyakar nan take.

Kukan da aka fi ji shi ne "fayil ya ƙi buɗuwa". Dalilin sananne ne. A Office 2007 Microsoft ta sauya tsarin fayiloli, .doc ya koma .docx, .xls ya koma .xlsx, ita kuwa manhajar Quickoffice da ta zo a yawancin wayoyin Nokia na lokacin tsohon tsarin ta sani. Sai ka ga mutum ya goge harafin x daga sunan fayil yana jiran ya buɗe. Ba zai buɗe ba, don ginin cikinsa ne ya bambanta. A koma kwamfuta, a danna Save As, a zaɓi Word 97-2003, sannan a tura wa wayar.

Wani kuma zai yi ta danna madannai rubutu bai shiga ba, har ya kai waya wajen mai gyara a kasuwar Wunti. Lafiyarta ƙalau. A Nokia N73 da N95 Quickoffice ta karatu ce kawai, a lokacin gyara sai an biya, kuma Google da ta sayi kamfanin a 2012 ta daina manhajar tun 2014. A BlackBerry kuwa, manhajar Documents To Go ta kyauta, nau'in Standard, tana gyara takardar da ke akwai amma ba ta ƙirƙirar sabuwa. Dabarar ita ce a ajiye fayil ɗin Word wanda babu komai a ciki, duk lokacin da ake buƙata a kwafe shi a sake masa suna.

Babban kuskuren, wanda ke cin kuɗi, shi ne gyara ainihin takarda a waya a adana a kanta. Ɗauki ɗalibi a Yelwa da aikin kammala karatunsa, ga teburori, ga lambobin shafi, ga bayanan ƙasan shafi. Malami ya ce a gyara jimla biyu, ya gyara a waya yana cikin Keke Napep. Da ya je shagon buga takardu sai a tarar tebur ya karkace, tazarar layuka ta canja, babi na uku ya fara a tsakiyar shafi, alhali kowane shafi kuɗinsa ake biya. Manhajar waya takan zubar da abin da ba ta gane ba lokacin adanawa, Pocket Word ta wayoyin Windows ma ta yi ƙaurin suna a kan haka. Don haka kwafi ake taɓawa, da wani suna daban, ainihin ya zauna a kwamfuta ko fulash. Ni a ganina ma, doguwar takarda gara a mai da ita PDF a karanta da Adobe Reader, a rubuta gyare-gyaren a gefe, a shigar da su in an zauna gaban kwamfuta.

Excel na da nasa tarkon. Allon ƙarami ne, sai mai lissafin adashi ya rubuta adadi a gidan, wato akwatin teburin, da ke ɗauke da tsarin haɗa jimla, daga nan jimlar ta daina motsi bai sani ba. A duba abin da ke cikin gida kafin a rubuta. Lambar waya kuma sifilin farkonta yakan ɓace, sai an mai da tsarin layin zuwa Text, wato rubutu, tun daga kwamfuta.

Idan ƙ da ɗ da ɓ suka fito kamar ƙananan akwatuna, a bar su. Wayar ce ba ta da haruffan, a kwamfuta za su fito daidai.

Fayil ɗin da aka turo ta Bluetooth a Nokia cikin akwatin saƙonni yake sauka, yana cin wurin waya, kuma in aka share saƙon ya tafi. A buɗe shi nan take a adana a katin memori. Shi ma katin kada a zare shi takarda na buɗe. A rufe manhajar, a danna maɓallin kashe waya sau ɗaya, a zaɓi cire kati, sannan a zare.