Kafin ka tura sanarwa a guruf

Salam 'yan uwa na Nima da Mamobi a Accra, don Allah masu tura voice na minti bakwai a kan sanarwar jana'iza ko suna mu ɗan gyara. Mutum yana cikin trotro (motar haya) a Circle, mate (yaron mota) na ta ihu, hon ta ko'ina, ta yaya zai ji ka, sai ya kai gida ya tarar an riga an kai gawa. Rubuta shi kawai, wa ya rasu, wane masallaci, ƙarfe nawa, gaisuwar ta biyo baya.

Tun 1948 wani masani ɗan Amurka, Harold Lasswell, ya ce a duba wa ke magana, me ya ce, ta wace hanya, ga wa, kuma me ya biyo baya. Ni dai wannan "ga wa" ɗin ne muka fi sakaci da shi, tsofaffinmu da yawa ba sa karanta boko, su kam a kira su a waya.

Labarin rasuwa kuma kar ka tura sai ka ji daga bakin dangi, haka lambar MoMo ta gudummawa. Hoton mamaci a gadon asibiti, wannan kam a bari gaba ɗaya.