Babi na 6: Kashin Alade, Gas ɗin Girki da Taki

Zarnin nan da ke sa ido hawaye idan ka shiga ɗakin aladu da sassafe, sunansa amoniya. Takinka ne yake gudu. Sinadarin da kake saya da kuɗinka a buhun yuriya, yana nan cikin fitsarin alade. Da zarar fitsari ya haɗu da kashi a ƙasa, cikin 'yan sa'o'i sai ya zama iska ya tashi, ya bar aladu da tari.

Darasi na 1: Kwashewa

Ka kwashe kashin kullum, kada ya kwana. Ka dama shi da ruwa, bokiti ɗaya na kashi, bokiti ɗaya na ruwa, ya yi kaurin kunu. Ka tsince duwatsu da leda, sannan ka zuba a tankin gas, wato rufaffen tankin da kashin ke ruɓewa a ciki ya ba da gas ɗin girki. Kada ruwan sabulu ko maganin wanke ɗaki ya shiga, domin yana kashe ƙwayoyin da ke yi maka gas ɗin.

Darasi na 2: Rufewa

Bayan kamar kwana 30 zuwa 40, baƙin ruwa zai riƙa fitowa ta bututun fita na tankin zuwa rami. Wannan shi ne takin. Ka rufe ramin.

A nan yawancinku kuke kuskure, don haka mu bi a hankali, ba wuya. Wannan ruwan ya fi ɗanyen kashi saurin sakin amoniya. Rana ta buga shi, iska ta bi ta kansa, sai ƙarfinsa ya tafi. Ka shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri, ka danne gefuna huɗu da duwatsu. Ka ɗebi taki? Mayar da murfi. Ka leƙa kawai? Mayar da murfi. Ka aiki yaro? Bi bayansa ka duba.

Haba jama'a! Mutum ya sha wahalar gina tanki, sannan ya bar rami a buɗe saboda ƙyuyar ɗaga tamfol? Kuma ku daina watsa toka a ciki da sunan kashe wari, toka ƙara korar amoniya take yi. A rufe, na ce.

Darasi na 3: Gona

Ka zuba takin da yamma a cikin kwari, ka rufe shi da ƙasa nan take.

Darasi na 4: Tsaro

Kada kowa ya shiga cikin tanki, iskar ciki tana kisa. Idan ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai a ɗakin girki, alamar gas na yoyo ce, kada ka ƙyasta ashana, ka buɗe taga.