Likitan sa barci, ga yadda za ka kula da jikinka in shekaru sun fara ja

Wannan na ku ne likitocinmu da ke sa mutane barci a ɗakin tiyata, ko a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba kake ko na LASUTH da ke Ikeja, duka a Legas. Kowa likitan da ya riƙe wuƙa yake yabawa, amma kai ne zaune wajen kan mara lafiya kana kallon numfashinsa da bugun zuciyarsa, wani lokacin awa shida ba ka miƙe ba.

Abu na farko aikin kwana ne, wallahi shi ke cin mutum. Jikin ɗan shekara 50 ba ya murmurewa daga rashin barci kamar na ɗan 30, don haka ka zauna da shugaban sashenku a rage maka kwanan, ka ɗauki na rana da koyar da likitoci masu tasowa, ba ragwanta ba ce. Na san ma'aikata sun yi ƙaranci tunda da yawa sun fice waje, amma in jikinka ya gaza, aikin ma ƙaruwa zai yi a kan sauran. In dare ya yi sauƙi ka ɗan runtsa minti 20. Kuma don Allah in ka fito da safe kada ka ja mota ka shiga goslon Ikorodu Road ido na rufewa, ka kwanta tukuna ko ka hau motar bas ta BRT.

Ido da kunne ma ka duba su. Daga shekara 40 gani na kusa ke raguwa, kuma rubutun jikin kwalaben allura ƙanana ne, wasu ma kamarsu ɗaya, ka yi tabarau ka riƙa karanta suna kafin ka zuƙa. Kunne kuwa siririn sauti yake fara rasawa.

Ka auna hawan jininka da siga kamar yadda kake yi wa marasa lafiya, in ya yi ta kai 140/90 ka je wurin wani likita, kar ka rubuta wa kanka magani. Ka tabbata bututun fitar da iskar barci na aiki, kar ka wuni kana shaƙarta.

Sai maganar da ba a son yi. Fentanyl da pethidine, magungunan kashe zafi masu ƙarfi da ke kama jiki, suna hannunka kullum. Ranar da ranka ya fara raya maka ka ɗan taɓa don ka samu barci, ka kira abokin aikin da ka yarda da shi a ranar, ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa tare.