Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin zafin gas mai tsananin sanyi da ƙarfin cuɗanya

Yawancin kurakuran da ɗalibai ke tafkawa a wannan fanni tushensu guda ne. Sukan ɗauko dabarun da suka dace da gas mai raunin cuɗanya, su ɗora su a kan gas irin na lithium-6 da aka saita filin maganaɗisunsa kusa da gaus 832 (gaus ma'aunin ƙarfin filin maganaɗisu ne), inda atam ke karo da juna iyakar ƙarfin da ƙa'idar kwantam ta ƙyale.

Babba daga ciki shi ne auna zafi ta hanyar sakin gajimaren atam daga tarko, wato na'urar da ke riƙe atam ɗin wuri guda, a duba saurin bazuwarsa. Dabarar tana aiki ne kawai idan atam sun daina karo bayan an sake su. A nan kuwa karon ba ya yankewa, gajimaren yana malala kamar ruwa. A 2002 ƙungiyar John Thomas ta Jami'ar Duke ta nuna cewa gajimare dogo siriri yana kumbura da sauri ta faɗinsa, alhali tsawonsa da kyar yake ƙaruwa. Gyaran shi ne a ɗauki hotonsa yana cikin tarko, a karanta zafin daga gefunansa, inda atam suka yi ƙaranci har lissafin gas mai sauƙi ya wadatar, muddin an saka gyaran karon atam bibbiyu da uku-uku.

Haka nan akan ɗauki gajimaren tamkar cunkosonsa ɗaya ne ko'ina, bayan kuwa tsakiyarsa na iya shiga yanayin gudana marar tirjiya, gefensa bai shiga ba. Kamata ya yi a lissafa kowane ɗan yanki da nasa zafin Fermi, wato mizanin zafi da cunkoson atam a wurin ke ƙayyadewa. Da wannan hanya ce ƙungiyar Martin Zwierlein ta jami'ar MIT ta Amurka ta gano a 2012 cewa sauyin zuwa gudana marar tirjiya yana faruwa a kusan 0.167 na zafin Fermi. Wanda ya yi amfani da zafin Fermi na tarkon baki ɗaya zai sami wani adadi dabam, kuma sau da yawa na'ura yake ɗora wa laifi.

Akwai kuma masu zaton cewa tunda tsawon karo, wato ma'aunin ƙarfin cuɗanyar atam biyu, ya zama marar iyaka a kusa da gaus 832, makamashi ma haka zai zama. A gaskiya tsawon karon ficewa yake yi daga lissafin: a sifilin zafi na ma'aunin Kelvin makamashin kusan 0.37 ne na gas marar cuɗanya mai cunkoso iri ɗaya, matsi kuma yana nan kashi biyu cikin uku na makamashin da ke cikin kowane awon sarari.