Yadda nake duba tsohon gida kafin a saya

Na fi shekara ashirin ina aikin gini a Kano, kuma duk wanda ya ce in raka shi duba gidan da zai saya, nakan roƙe shi mu jira ruwa ya sauka. A watan Agusta gini ba ya iya ɓoye ciwonsa. Sabon fenti kuwa shakka yake ƙara mini.

Fara daga waje, daga ƙasa. Ina ruwan indararo yake zuba? In a gindin bango yake kwanciya, ko shadda ta matso jikin harsashi, ƙasar wurin ta riga ta yi laushi. Filastar da ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, tana zubar da farin gari kamar kanwa, danshi ne ke hawowa.

Sai tsaga, kuma a nan nake daɗewa. Siririya kamar gashi wadda ta bazu a fuskar filasta ba ta tayar mini da hankali. Wadda nake tsoro ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, musamman in ta ɓullo ta ɗaya gefen bangon. Wannan alama ce harsashi na zama. Ka ja layi da fensir a inda ta tsaya, ka rubuta kwanan wata, ka ɗan like ta da siminti a wuri ɗaya. Bayan mako uku ko huɗu ka dawo. In likin ya fashe, ginin yana motsi har yanzu. Ƙofar da ta daina rufuwa ma shaida ce.

A gidan dakin, wato mai rufin kankare, ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin rufin. Jan tabo na nufin ruwa ya kai ga rodi, kuma rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ɓantare kankare. Ƙwanƙwasa ginshiƙi da ƙaramar guduma: lafiyayye ƙara yake yi tsaf, mai rami a ciki sai ka ji kamar ganga. In gidan ƙasa ne, soka wuƙa a bakin azara inda ta shiga bango, nan gara da ruɓa ke farawa.

Mai niyyar ɗora bene a kan tsohon gini, don Allah kada ya tsaya a kan idon magini, ko da ni ne. A nemo injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya tona gefen harsashi, ya gwada ƙarfin kankaren da na'ura. Benen makarantar da ya rufta a Busa Buji ta Jos ranar 12 ga Yuli, 2024 ya ci rai 22, akasarinsu ɗalibai. Tun ranar, in aka ce in ɗora bulo a kan dakin, sai na ga takardar injiniya nake ɗaukar cokali.