Umara da ratse zuwa Masar ko Dubai: yadda za ka gane ko tafiyar za ta ɗauka

Daga Rajab zuwa azumi, tambayar da aka fi yi wa masu shirya tafiyar Umara a Gombe ita ce: "Tunda na riga na biya kuɗin jirgi, me zai hana in leƙa Masar ko Dubai kafin in dawo?" Tambayar tana da ma'ana. Daga Jidda zuwa Alƙahira awa biyu ce a sama, zuwa Dubai kamar uku, ko wahalar motar Gombe zuwa Kano ba ta kai ba. Sai dai wannan shawara a gida ake yanke ta kafin a yanki tikiti. Wanda ya bari sai abokin ɗakinsa a Makka ya kwaɗaita masa, ya makara. Maganar nan kuma ta mai Umara ce. Alhajin da ya bi hukumar alhazai, jirgin da ya kai shi shi zai dawo da shi, bizarsa ba ta yawo ba ce.

Fara da biza. Mai fasfo ɗin Najeriya yana bukatar biza ta daban don Masar, ta daban don Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa inda Dubai take, haka ma Jodan, kuma daga nan gida ake nemansu. Ofisoshin jakadanci ba su cika ba baƙon da ya zo wucewa biza ba, sai su ce ya koma ƙasarsa ya nema. Sa'annan duba bizarka ta Saudiyya: ta shiga sau ɗaya ce ko ta shiga da fita? Bizar Umara galibi ta shiga ɗaya ce. Ranar da jami'in shige da fice ya buga maka hatimin fita, ta mutu. Nan mutane ke faɗawa rami: a bar kaya a otal a Jidda, a tafi Dubai kwana uku da niyyar dawowa a hau jirgin Kano, sai a hana mutum shiga jirgin komawar tun daga Dubai. Fasfo kuma ya zama da saura wata 6 aƙalla, ka ƙirga daga ranar dawowarka don ka huta da gardama, da shafuka biyu ko uku da ba a taɓa ba.

Ratsen da ya fi sauƙi shi ne ƙasar da dama jirginka zai yada zango. Wanda ya hau EgyptAir daga Kano ta Alƙahira zai bi, na Qatar Airways ta Doha. Ka ce wa ejan ɗinka ya yanka maka tikiti guda mai zango: Kano zuwa Jidda, Jidda zuwa Alƙahira, ka kwana huɗu, sa'annan Kano. Ƙarin kuɗin yakan yi ƙasa da sayen wani tikiti daban, awon kayanka kuma bai canza ba.

Kada ka yarda da dabarar tsallake zango. Idan tikitinka ya ce ka hau daga Jidda, kai kuwa ka tafi Alƙahira da wani jirgi don ka tari naka a can, kwamfutar kamfanin za ta ga ba ka zo ba, ta soke sauran tafiyar gaba ɗaya. Tikiti biyu daban-daban ma suna da nasu ciwon kai. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, babu mai ɗaukar nauyinka. Dole ka fita ka karɓi kayanka ka sake auna su, fitar nan kuwa ba ta yiwuwa sai da biza. Ga kuma awo: tikitin doguwar tafiya yakan ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, amma ƙananan kamfanoni masu araha irin su flynas da Air Arabia, mafi ƙarancin farashinsu jakar hannu kaɗai ya ƙunsa. Dabino da jallabiyoyi da turaren da ka sayo a Madina sai ka biya musu kuɗi a kan kowane kilo. Ka tambayi ejan a rubuce ko galan ɗin Zamzam mai lita 5 zai bi ka har Kano, domin idan ka karɓe shi a ƙasa ta biyu, ba kowane kamfani ke sake ɗaukarsa kyauta ba.

Yanzu ƙirga kwanaki da gaskiya. Ranar tashi daga Makka ta tafi a haɗa kaya, ɗawafin bankwana ga mai yi, hanyar Jidda da zaman filin jirgi. Ranar barin ƙasa ta biyu ma haka. Wanda ya ware kwana uku, yini ɗaya cikakke ya samu, a gajiye, wataƙila da tarin nan da masu Umara ke kwasowa. A ganinmu, in ba za ka iya ware kwana huɗu zuwa biyar ba, bar shi. In kuma daga kwanakin Madina za ka yanko su, mu dai ba mu ba da shawara ba. Mutum ya shekara yana tara kuɗi don ya zauna a masallacin Manzon Allah (SAW), bai kamata ya musanya shi da layin awon kaya ba.

Dalili fa? Ya zama guda ɗaya kuma tsayayye. Mai ɗa a Jami'ar Azhar, ko mai son sayen littattafai a shagunan da ke bayan masallacin Azhar, ko wanda likita ya riga ya ba shi rana, Masar ta cancanta. Ɗan kasuwar da ya san shagon da zai nufa a Deira, Dubai ta cancanta. Mai son ziyarar makwancin shahidan Mu'uta, Zaidu bin Harisa da Ja'afar bin Abi Ɗalib da Abdullahi bin Rawaha, Jodan zai je, kusa da Karak. "In ga gari kawai" ba ya biyan kuɗin biza. Idan kana tare da dattijo ko mai ƙananan yara, taura biyu ba ta taunuwa.

Galibi ya fi a fara da ibada a ƙare da kasuwa, don kada ka yi ta jan kayan saye zuwa Makka. In kuwa ka fara da Masar ko Dubai kuma Jidda za ka sauka, to harami a jakar hannu zai zauna. Mai zuwa daga Masar ta daidai Juhfa yake ƙetare miƙati, mai zuwa daga Dubai ta Ƙarnul Manazil, duk a sama. Wanda ya auna haraminsa cikin babbar jaka ya jawo wa kansa matsala.

Wajen kuɗi, rubuta biza, ƙarin tikiti, otal, tasi, abinci, layin waya da rarar awo, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar don abin da ba a zata ba. Riƙe guzurin ƙasa ta biyu a dala, a ambulan daban. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, dirhami kusan 3.67, su a ɗaure suke, amma fam ɗin Masar yana hawa da sauka, kuma duk canjin da ka yi daga naira zuwa riyal zuwa fam, ɗan canji ya ci sau biyu. A Najeriya da Masar, abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastan.

Katin rigakafin shawara za a iya neman sa a kowace iyaka, allurar kuma sai ta kwana 10 kafin ta yi aiki, haka ta sanƙarau da Saudiyya ke bukata. Magani mai kodin ko tiramadol kada ya bi ka ba tare da takardar likita ba, Dubai da Masar ba sa wasa da shi. Saƙon da ba ka buɗe ba, ko na wane ne, kada ka karɓa. Alƙahira da Amman suna da sanyi sosai a Disamba da Janairu, sai ka tafi da rigar sanyi. Duba kuma ƙarfe nawa jirginka zai sauka Kano ko Abuja. In da yamma ne, sa kuɗin kwana ɗaya a lissafi, ka kamo hanyar Gombe da safe.